Binne a Ƙasar Laka

Talata, 6 ga Mayu, 1980, bayan La'asar

Yau kasuwar Mafara ta ci ba ni. Tun da na fara ɗinki ban taɓa rufe keke ranar Talata ba sai yau. Na lulluɓe shi da tsohon zane, na hau motar Bakura, daga can na taka zuwa Dakko.

Ba labarin Yaya Jafaru. Ranar Asabar ɗin nan da aka watse taron manoma a hanyar dam, an kwashi mutane a mota, yana cikinsu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Abin da ya faru a wurin ba zan rubuta ba, waɗanda suka gani da idonsu ma ba su faɗa.

Inna ba ta tambaye ni shi ba. Ɗan farinta ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, to yau za ta fara? Sai tambayata take ko mota ta cika, ko an sha rana a hanya, tana leƙen bayana ko akwai mai shigowa.

Saude, matar Yaya, ta kawo mini ruwa ta durƙusa gefe. Ta ce babanta, Malam Jibo, ya aiko daga Gidan Goga: idan ƙaramar Sallah ta zo babu abin da ke tsaye a gona, zai zo ya tafi da ita da yaran, don ba zai bar jikokinsa a gidan da rumbu ya ƙare ba. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Yaya ya dawo ya tarar da ɗakinsa a rufe? Wallahi ba da ni ba.

Ni tela ne, rabona da fartanya tun ina firamare. Amma ai gona gona ce.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Na je na ga gonar.

Tsohuwar gonarmu jigawa ce, farin yashi mai laushi a kan tudu, da gawo a tsakiya. Masu aikin dam suka karɓe gonakin yankin nan damina bayan damina, suka baje su da manyan motoci, suka ja layi. Da aka tashi mayarwa ba a mayar da kowa inda yake ba. Mu can ƙasa aka ba mu, kusa da magudana. An gina hanyar ruwa ta siminti har bakin wurin, amma ruwan bai iso ba, kuma ba mai cewa ga ranar zuwansa. Wato bana ma sai abin da sama ta bayar.

Ƙasar baƙa ce wuluk, ta tsattsage ko'ina. Na zura hannu a wata tsaga, ya shige har gwiwar hannu. Na ɗauki dunƙule na buga da dutse, dutsen ne ya fi jin jiki.

A kusurwar gabas na ga sawun ƙafa ya nutse ya bushe a haka. Babban yatsan ya karkace waje. Mutum ɗaya na sani mai wannan ƙafa. Ashe Yaya ya zo duba wurin a ƙarshen daminar bara, ƙasa da sauran danshi. Jigawa ba ta riƙe sawu ko na yini, wagga kuwa ta riƙe shi rani guda. Na daɗe a tsaye a wurin. Rana ce ta sa idona ruwa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan Masallaci

Yau ma ba labari.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan Azahar

Na yi binne, kamar yadda marigayi Baba yake yi kowace shekara: a zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ruwan farko ya zo ya tarar da shi yana jira. Da haka gidanmu ke riga kowa cin sabon gero. Na sauko da damin irin Yaya daga rumbu, geron kakanmu mai dogon kai da ba mu taɓa sakewa ba. Saude ta sussuke mini.

Sungumi ya ƙi shiga. In na sara sai ya yi tsalle ya dawo mini, kafaɗata har yanzu tana zugi. Can sai dabara ta zo mini: ga ramuka Allah ya tona mini kyauta! Na riƙa jefa iri cikin ƙananan tsagogin ina murje baki da diddige. Har daɗi nake ji, ina cewa masu noma ba su da wayo.

Ina cikin haka Bawa ya biyo. Sa'an Yaya ne, mutumin fadama, tun kakanninsu shinkafa suka sani. Shi kuma aka ba shi gona a samanmu, zallan yashi.

"Tela, mi kake yi nan?"

Na ce binne. Ya yi dariya har yana dafa gwiwa. Ya ce, "Wagga laka ce, ba a yi mata binne. Gero ma ba ya ƙaunarta."

Haushi ya kama ni. Na ce shi da ya watsa shinkafa a kan yashi yana jiran ambaliyar da ba za ta hau tudu ba, shi ne zai koya mini? Ya ce shinkafar ubansa ba ta taɓa ƙi ba. Na ce geron kakana ma haka. Muka rabu kowa yana ganin ɗan'uwansa ya zautu.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya watse. Inna ta dafa tuwo ya fi na kullum yawa. Ba wanda ya tambaye ta na wane ne ragowar.

Lahadi, 1 ga Yuni, da safe

Ruwa ya sauka da asuba, mai yawa. Alhamdu lillahi.

Na ruga gona. Ban gane ta ba. Duk tsagogin nan sun rufe ruf, ƙasar ta kumbura ta yi sulɓi tana ƙyalli. Takun farko ta cire mini takalmi. Kowace ƙafa na ɗaga sai ta taso da dunƙule kamar an ɗaura mini turmi. Sau biyu ina faɗuwa, Allah ya sa ba kowa.

Sawun kusurwar gabas ya tafi. Ban faɗa wa kowa ba, da ma ban faɗa musu akwai shi ba.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan La'asar

A jigawa da yanzu gero ya fito ya yi layi. A nan sai 'yan tsiraru a bakin sama, su ma rawaya. An ƙara ruwa shekaranjiya, har yanzu yana kwance a ƙasan gonar. Na tona na duba. Wanda ke kusa ya ruɓe yana wari. Wanda na jefa a tsaga ya gangara can ƙasa, laka ta rufe a kansa, ko zai tsiro ba shi da hanyar fitowa.

Shinkafar Bawa ta tsiro, rana ta buɗe, ta ƙone tsaf. Ban yi masa dariya ba, ba ni da bakin yi.

Lahadi, 8 ga Yuni, da Magariba

Na kashe irin Yaya da hannuna.

Talata, 10 ga Yuni, Mafara, da Azahar

Na zo tambayar labarin Yaya. Wannan ya ce jeka wurin wancan, wancan ya ce bai san zancen ba. Wani ya ja ni gefe ya ce in rage yawan tambaya.

Na buɗe rumfata na zauna gaban keke. Rigar Sallar Yaya tana nan yadda na yanka ta, shuɗiya, ban sa mata allura ba. Na ninke na mayar. Gaskiya zuciyata ta ce in yi zamana a nan, ga aikin da na iya, me ya kai tela laka? Sai na tuna Inna da ragowar tuwonta. Zan bi motar yamma.

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan Isha'i

Yau sai na rubuta da yawa.

Ruwa ya kama ni a hanyar gona da hantsi. Maimakon in fake, sai na ce bari in ga inda ruwan nan yake zuwa, tunda shi ya cuce ni. Na hau tudu na biyo shi. A gonar Bawa yana sauka yashi na shanyewa, ko kwanciya ba ya yi. Wanda ya tsira yana gangarowa ja-ja, ɗauke da garin ƙasa mai laushi, ya zo ya kwanta a tamu. Daga gabas haka, daga arewa haka. Ashe gonarmu gindin ƙwarya ce. Motocin nan sun baje sama ne kawai, inda ruwa ya saba kwana tun kafin a haifi kakana nan yake kwana har yau.

Na tarar da Bawa zaune a kan iyakarmu, ya jiƙe sharkaf, yana kallon shinkafarsa da ta ƙone. Na yi masa sannu, ya yi mini. Can na ce ya nuna mini abin da ya gani a ƙasar nan da ni ban gani ba.

Muka tona rami a tawa har gwiwa. Sama baƙa ce, kamar taƙi ɗaya. Ƙasanta toka-toka mai danƙo, da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Bawa ya ce duk inda ka ga wannan tsatsar, ruwa yana daɗewa a wurin kowace shekara, ko da ka zo da rani ka tarar da shi ƙayau. Ya ɗebo ya murza a tafin hannu, ta yi tsawo siriri ba ta katse ba, har ya lanƙwasa ta ya yi zobe. Muka hau tasa ya murza, ta wargaje tun bai rufe hannu ba.

Ya ce laka ba mugunta gare ta ba, lokaci gare ta. Da rani dutse ce, ranar ruwa danƙo ce, ba a taɓa ta a duka biyun. Sai ruwa ya kwana ya tsane, ka matsa dunƙule ya ruguje a hannunka, ran nan ake shiga da galma. Abin da ta sha kuwa ba ta saki da wuri, kuma duk abincin da ruwa ya wanko daga tudu a cikinta yake.

Ni ma sai bakina ya buɗe. Abubuwan da Baba yake faɗa ina yaro, da na ɗauka sun bi iska, suka dawo. Na ce masa yashi saurin sha gare shi da saurin ƙishi, shi ya sa sai mai dogon saiwa irin gero. Ba a watsa iri a cikinsa, rami ake yi taku guda-guda, kuma in ba taki ba ka yi aikin banza. Ya saurara da gaske, har yana tambaya.

Ya ce yana da ragowar irin shinkafa, kuma ga inda take so, ya nuna gonarmu. Na ce geronmu ma tasa yake so, sai dai na riga na binne shi. Musayar gona ba ta yiwuwa, kowace da lambarta, kuma kwanakin nan ba mai son a gan shi a bakin ofis.

Da na dawo gida na ba su labari. Saude ta tashi ta shiga ɗaki, ta taka turmi, ta zaro wani abu daga cikin jinka. Kawunan gero ne, dogaye, ɗaure da tsumma.

Ta ce, "Shi ba ya zuba iri duka rana ɗaya. Kuma ni ban taɓa ganin an ba tela rumbu ba."

Na ce lallai matar Yaya, ashe tun farko ba ki yarda da ni ba. Ta ce ko kaɗan. Yau ne na fara ganin haƙoranta tun zuwana.

Litinin, 16 ga Yuni, da yamma

Mun shuka geron Yaya a gonar Bawa. Ni ke gaba da sungumi, yana shiga yashi kamar allura a alawayyo, Bawa na biye yana jefa iri yana ƙorafin wai ramukan sun yi nisa da juna. Mun kwaso takin awakin Inna mun zuba. Mun yi magana a gaban liman: abin da gonakin biyu suka bayar a raba tsakanin gida biyu.

Alhamis, 19 ga Yuni, bayan Azahar

Jiya na ɗauki galma zan shiga laka, Bawa ya ce ajiye. Yau ya matsa dunƙule ya ce to bismilla. Kai! Ƙasar da ta kusa karya mini kafaɗa, yau tana juyawa tana rugujewa da kanta. Mun ɗaga ƙasa mun kewaye ƙasan gonar don ruwa ya tsaya. Mun yafa irin shinkafa a ɗan fili, in ya tasa a cire a dasa. A bakin sama, inda ruwa ba ya daɗewa, mun yi manyan kunyoyi mun sa dawa.

Hannuna duk ya fashe. Ban san ko zai ƙara riƙe allura ba.

Juma'a, 27 ga Yuni, bayan Masallaci

Ba labari. Gero ya fito.

Asabar, 12 ga Yuli, da Magariba

Mun gama dashe, cikin ruwa har ƙauri. Bawa yana dasa uku kafin in dasa ɗaya, amma layina ya fi nasa miƙewa, ya yarda da bakinsa. Inna ta kawo mana fura da kanta, karonta na farko a gonar. Ta tsaya ta dudduba, ta ce, "Yayanka ya taɓa cewa wurin nan na shinkafa ne." Na ce Inna, shi ne ba ki faɗa mini ba? Ta ce ai ban tambaye ta ba. Na gane. Faɗar tana nufin ta yi zancensa.

Ana sa ran ganin wata gobe ko jibi.

Laraba, 23 ga Yuli, kafin shan ruwa

Ruwa ya ɗauke tun farkon azumi. Geron da ke gonar Bawa yana naɗe ganye da rana, duk na bi na damu, don shi ke nan irin da ya rage mana a duniya. Bawa ya fi ni damuwa, safe da yamma yana can. Na ce masa gero ya saba, saiwarsa tana ƙasa tana nema. Ina faɗa ne ina kwantar da nawa hankalin.

A tamu ruwan saman ya janye, ƙasa ta fara 'yan tsagogi. Na tura yatsa, ashe ciki sanyi ƙalau. Shinkafa ko a jikinta.

Saude ta fara wanke kwanukanta tana jerawa a kwando. Ba ta ce don me ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Ruwa, ruwa, ruwa. Gero ya miƙe.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan La'asar



Wani mutum ya yi sallama, Hayatu sunansa, daga Ruwan Gizo. An sako shi tare da wasu. Ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Yaya. Yana da rai. Ya rame, amma lafiyarsa lau, kuma ana cewa za a riƙa sakin sauran kaɗan-kaɗan. Yaushe, bai sani ba.

Inna tana bayan zana tana ji. Saude ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Na ce bai ba da saƙo ba? Hayatu ya ce akwai, amma in yi haƙuri, yadda aka ba shi zai faɗa.

"Ya ce a gaya wa ƙanensa Balarabe kada ya kuskura ya yi binne a wurin nan, laka ce. Ya ce ma kada ya taɓa mashi iri, tela ne."

Sai muka ji dariya daga bayan zana. Inna ce. Ta yi ta yi har ta koma wani abu daban, ta tashi ta zaga bayan rumbu. Mun bar ta.

Wannan saƙo ba mai iya ƙirƙiro shi. Yaya ne.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan Azahar

Malam Jibo ya iso da hantsi, da jakuna biyu ba kaya a kansu. Na san abin da suka zo ɗauka. Mun gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mana barka da labarin da aka samu, amma ya ce labari ba ya cika cikin yaro, a kai shi gona.

Na fara kai shi ta Bawa. Gero ya wuce kaina, ya fara fitar da kai. Ya ce wannan ai ba gonarku ba ce. Na ce e, Baba, amma geronmu ne, na yi masa bayanin rabon. Muka gangara. Dawa tana kan kunya, shinkafa kuwa kore shar daga wannan baki zuwa wancan, ruwa na kwance a gindinta.

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya zura hannu ya ɗebo laka, ya murza, ya shinshina. Ya tambayi wa ya ce a sa shinkafa a nan. Na ce ƙasar ce ta ce, Baba, bayan ta ci mini dami guda. Ya ɗan murmusa. Ya daɗe yana kallon tudu, yana kallon inda muke tsaye.

Ya wanke hannu a ruwan gonar ya ce, "Wagga ta ƙoshi, ba ta son komai. Waccan ta yashin ita ke da yunwa. Bayan kaka zan turo shanu su kwana a kanta. Ka gaya wa Saude ta tanadar wa masu kiwo wurin dahuwa."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Jakunan sun koma yadda suka zo. Kafin in shigo gida Saude ta mayar da kwanukanta inda suke.

Litinin, 11 ga Agusta, Mafara, da yamma

Jajibiri. Na buɗe keke, hannun bai manta ba. Na ɗinke rigar Yaya. Na rage mata faɗi tunda Hayatu ya ce ya rame, amma ban yanke yadin ba, na ninke shi a ciki. In shinkafa ta nuna sai a farke a buɗe.